Rabon Mai Zabira

Magariba ta kawo jiki a unguwar Morrisania, can ƙetaren teku, hasken da ya rage yana janyewa daga bangon gine-gine a hankali. A hawa na biyar, a gidan Gariba direban tasi, 'yarsa Zalia ta shimfiɗa tawul a kan tebur, ta ɗaure damtsen ƙanwarta Nadia da roba, tana laluben jijiya da ɗan yatsa. Tun farkon kaka take zuwa kwalejin unguwa tana koyon ɗibar jini. Ta gaji da hannun roba da ake gwaji a kansa a aji. Ranar Litinin mai zuwa za a tura ta asibiti ta fara a jikin mutane, kuma sai ta gama wannan za a ba ta takardar shaida.

"Ki bari magariba ta wuce," in ji mahaifiyarsu Adjara daga kicin. "Ba a fitar da jini a wannan lokaci."

"Mma, ai ba ƙasa zai zuba ba, kwalba zai shiga."

Nadia ta yi dariya ta faɗi wani abu da Turanci, domin ita tana jin Hausa amma ba ta mayarwa. Allura ta shiga, jini ya taho cikin 'yar kwalba. A daidai nan tsakuwa ta faɗo tsakiyar teburin.

Tagogi a rufe suke. Adjara ta ɗauki tsakuwar, ta juya ta a tafin hannu. Jar marmara ce, irin wadda ta taka tana yarinya a Zongon Kumasi, kuma da ɗuminta kamar yanzu aka tsince ta a rana.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Sannan aka fara jin ƙwanƙwasa daga saman kabad, inda zabirar marigayi Hambali take. Hambali kakan yaran ne, wanzami, kuma ɗansa Gariba ya ƙetaro teku da zabirar bai taɓa buɗe ta ba. Ƙahonnin ciki ne ke karo da juna, ba wanda ya taɓa su. Nadia ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta. Takan zauna a ƙasa ta miƙe hannun da aka soka, idanunta a kan yayarta. Ranar Alhamis ta buɗe baki da muryar tsoho, cikin Hausar da ba ta taɓa furtawa ba.

"Ina rabona?"

Gariba bai yi dogon nazari ba. "Ki bar makarantar nan," ya ce wa Zalia. "Ke kika jawo mana."

Zuciyar Zalia ta tafasa. Shekarun da ta yi tana aikin jinya, tana ɗaga tsofaffin mutane a gidajensu, tana wanke su, bayanta yana ciwo, ba wanda ya ce ta bari. Sai yau da ta hango ƙofar fita aka tuna cewa ita mace ce.

Ranar Lahadi, rana na gab da faɗuwa, Malam Ishawu, wanda Gariba ya kira, ya iso daga unguwar Parkchester. Dattijo ne mara yawan magana. Ya yi alwala, ya zauna kusa da kan Nadia, ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi nauyi. Ƙarar motocin titi ta ɗauke kamar an toshe kunne. Can yarinyar ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman wanzamai.

"Ya isa, Malam," in ji muryar tsohon. "Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me kake nema a jikin baiwar Allah?"

"Ni abokin zabirar Hambali ne. Duk ƙahon da ya kafa, jinin farko nawa ne, a gindin tsamiya yake binne mini. Ɗansa ya kawo ni ƙasar sanyi, ya jefa ni saman kabad, ya tafi tuƙin mota. Na yi haƙuri. Yanzu na ji ƙanshin sana'a ta dawo gidan, aka ɗebi na farko aka hana ni. Gobe za ta shiga inda jini yake da yawa. Kwalba ɗaya a kowace rana, sai in sake yarinya."

"Ba a ba aljani jini," in ji Malam Ishawu. "Abin da Hambali ya yi, Allah ya gafarta masa."

"To ta ajiye allura."

"Ta ajiye!" Gariba ya yi caraf ya amsa. "Wallahi ta ajiye, na yarda!"

Zalia ta matso. "Malam, a yi mini izini in yi magana."

Dattijon ya dube ta, ya gyaɗa kai.

"Baba, ina ƙarama na roƙe ka ka nuna mini abin da ke cikin zabirar nan. Ka faɗa wa aljanin nan amsar da ka ba ni."

Gariba ya sunkuyar da kai. Sai da Malam ya ce, "Faɗi mana," sannan ya buɗe baki. "Na ce wanzanci ba ya bin mace."

"To ka ji," ta ce, tana duban fuskar ƙanwarta da wani ke leƙowa ta cikinta. "Ba a miƙa mini aska ba, ba a miƙa mini ƙaho ba. Wata malama 'yar Jamaika ce ta koya wa hannun nan aiki. An hana ni gadon, ba za a ɗora mini nauyinsa ba. Mutanen da za su miƙo mini hannu gobe marasa lafiya ne, jininsu amana ne. Ko ɗigo ba za ka samu ba."

Ƙahonnin da ke saman kabad suka yi tsit. Sannan wuyan Nadia ya juya a hankali, a hankali, har idanun suka tsaya a kan Gariba.

"Gaskiya ta faɗa. Ashe kai ne nawa."

Adjara ta saki salati. Malam Ishawu ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta yi ta murƙususu, muryar tsohon tana kuka tana neman afuwa. Da Malam ya tsagaita ya ce, "Ba ka da kowa a gidan nan. Za a mayar da zabira inda ta fito, a binne ta. Ka fita yanzu, ka bi ta."

"Ɗan Hambali da hannunsa zai kai ni. Ba saƙo ba, ba ɗan aike ba."

Gariba ya amsa, "Da hannuna."

Babban yatsan ƙafar Nadia ya yi ta karkarwa, ya tsaya. Ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa da Turanci.

Washegari da safe Zalia ta sa shuɗin kayan asibiti. A bakin ƙofa ta ci karo da mahaifinta, ya rungume zabirar cikin tsohon zane zai kai ta mota, kafin ya sami jirgin Ghana. A dare ɗaya fuskarsa ta faɗa. Ta matsa ta ba shi hanya. Ya wuce, ya taka matakala, sannan ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ki yi bisimilla kafin ki soka," ya ce.

"To, Baba."

Ya ci gaba da sauka. Ta tsaya riƙe da jakarta, tana jin ƙahonnin suna ƙwanƙwasa a ƙirjinsa, hawa bayan hawa, har ƙasa.