Gonar Bukari

Masunta ne suka tsamo gawar a bakin kogi, kusa da Auyo. Kafin azahar Sufeto Haladu ya iso daga Hadejia.

Mamacin tsohon soja ne, Bakari, wanda ya yi yaƙin Bama a zamanin Turawa. An rotse masa ƙeya. Babban yatsansa na dama kuwa akwai shuɗiyar tawada, ruwa bai gama wanke ta ba.

Matarsa Yagana ta ce, "Ranka ya daɗe, gonar fadama aka ba shi da ya dawo. Amma a takarda Bukari aka rubuta. Tun bara yake sintiri ofishin En'e, akawu yana koro shi. Jiya ma can ya tafi."

Sufeto ya wuce ofishin. Akawu Gwadabe ko kai bai ɗaga ba.

"Bakari ya zo jiya?"

"Ban san wani Bakari ba. Bukari na sani, shi kuma bai taɓa zuwa ba."

"To wa ya sa shi dangwala hannu?"

Gwadabe ya gyara zama. "Tawada ai ba a nan kaɗai take ba."

Sufeto ya juya. Ya fita, ya shiga kwalekwale zuwa gonar. Shinkafa ta yi kore shar, 'yan ƙodago suna ciki.

"Gonar wa?" Sufeto ya tambaye su.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ta akawu ce. Jiya ma ya zo da wani tsoho, wai zai nuna masa iyaka."

Da yamma aka kawo Gwadabe caji ofis. Sufeto ya jera masa 'yan ƙodagon a gaba. Nan take Gwadabe ya amsa laifinsa.

"Di'o, Baturen mulki, ne ya ce a gwada yatsan Bakari da na takardarsa ta soja," in ji shi. "Na san zai yi daidai, gonar kuma ta kuɓuce mini. Sai na ja shi gona, na buge shi da filafilin tuƙa kwalekwale."

Aka buga masa ankwa, 'yan doka suka tasa ƙeyarsa.

Bayan sadakar bakwai Sufeto ya raka Yagana ofishin da kansa. Sabon akawu ya duba takarda, ya duba ta.

"Gonar Bukari ce. Sai dai ya zo da kansa."

"Ya rasu," in ji Sufeto.

"Bakari ne ya rasu, ranka ya daɗe."

Yagana ta juya ta fita. Sufeto ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya tofar da yawu a bakin ƙofa, ya bi bayanta.