Wanda Ya Riƙe Wa Mai Awo Bakin Tef

Saura kamar minti ashirin a kira magariba Mai Awo ya jingine babur ɗinsa a bayan tsohon ginin fasinja na filin jirgi. Tef ɗin awo yana rataye a hannunsa, tocila a aljihu, hassada kuma a ƙirji, ita ce ma ta fi sauran nauyi.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin awo a wani ofishin zanen gini. Shi ya koya wa Injiniya riƙon tef, tun ana kiransa Ɗan Koyo, tun bai san kan fensir da gindinsa ba. Yaro ya tafi makaranta, ya dawo da takarda da tabarau, ga shi yau har Manaja yana miƙe masa. Da aka ce masu ba da kuɗi sun yarda su biya aikin zanen gyaran ginin nan, sai Manaja ya ɗora sunan Injiniya a saman takarda da manyan baƙaƙe. Sunan Mai Awo kuwa yana can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, kamar gargaɗin da ake rubutawa a jikin kwalin magani.

Jibi kwamiti zai zauna ya duba zanen. In ya wuce, aiki na Injiniya ne har ƙarshe. In aka kama kuskure, Manaja zai nemi tsohon hannu. Tsohon hannu kuwa guda ɗaya ne a ofishin.

Kuma Mai Awo ya ga kuskuren. Tsohuwar takardar ginin ta ce tsawon ɗakin jira mita talatin ne. Injiniya ya rubuta talatin da huɗu. A cikin huɗun nan bai sa shago ba, bai sa banɗaki ba, sai wani tsohon benci da wata ƙofa da ya rubuta wa "kada a taɓa".

"Wannan fa?" Mai Awo ya tambayi Injiniya, yana buga yatsa a kan zanen.

"Yaya, wurin masu wuri ne. A bar musu abinsu."

"Masu wuri! Su ma a makarantar taku aka koya muku su?"

Injiniya ya yi murmushi kawai. Murmushin nan ya fi zagi ciwo.

A gida matarsa ta ce, "Baban yara, ɗan da ka koya wa aiki in ya tashi, ai kai ne ka tashi."

"Na tashi ina? Sunana yana gefen ramin da ake zura igiyar fayil?"

Shi ya sa ya zo shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Zai auna, ya samu talatin, ya ajiye wa kwamiti a kan tebur.

Mai gadi yana alwala a bakin ƙofa. Tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari. Ya ɗago ya dube shi.

"Malam, bari a yi salla tukuna mana."

"Baba, minti biyar ne."

"To in ka shiga ka yi sallama."

"In yi wa wa? Jemagu?"

"Injiniyan nan naku da ya zo, sallama ya yi. Har takalmi ya cire. Yaro mai hankali."

Da tsohon bai ƙara wannan ba, da wataƙila Mai Awo ya jira. Ya ture ƙofar da ƙafa ya shige, bakinsa a rufe gam.

Shekara uku ke nan da rufe ɗakin, jirage suna ɗaukar mutane daga wata rumfa can ɗaya gefen. Warin kashin tantabara ya tare shi, da na kafet da ruwa ya jiƙa ya bushe ya sake jiƙa. Kujerun ƙarfe a jere, a manne da ƙasa. Agogon bango ya tsaya. Lasifika tana lilo daga silin, wayarta a tsinke, bakin wayar ya yi tsatsa. Hasken yamma yana shigowa ta gilasai, ja-ja, yana raguwa.

Ya taka har ƙarshen ɗakin. Ga bencin, na katako, shi kaɗai ne babu datti a kansa. Ga ƙofar, an shafe ta da fenti ɗaya da bango, babu mariƙi. Ya yi tsaki. Ya maƙala ƙarfen bakin tef a wata tsaga a gindin bango, ya zura hannu a maɗaurin tef ɗin, ya fara ja da baya.

Mita shida, ƙarfen ya zame. Ya biyo shi a kan tayil, ƙarar-ƙarar-ƙarar.

Ya koma ya maƙala. Mita tara, ya sake zamewa.

To, shekara ashirin da biyu mutum yana aiki da wani a ɗaya bakin tef, baki yakan riga hankali. Ya maƙala na uku, ya juya baya, bai san lokacin da ya daka tsawa ba:

"Kai, riƙe min nan!"

Tef ya miƙe sambal.

Riƙo ne mai kyau. Babu rawa, babu sassauci. Har Mai Awo ya ce a ransa, yawwa, haka ake yi. Ya ci gaba da ja da baya, idonsa a kan lambobi. Goma sha biyar. Ashirin. Ashirin da takwas.

Talatin.

Ya miƙa hannu baya don ya taɓa bango. Babu bango.

Ya ƙara taku. Talatin da ɗaya. Da biyu. Da uku. Bayansa ya daki bango a daidai talatin da huɗu, ko ɗigo bai wuce ba.

Yaron ya yi gaskiya.

Hassada ta rufe masa ido har ya manta ya tambayi kansa wa ke riƙe da tef.

"Ƙarya ne," ya ce da ƙarfi. "Talatin zan rubuta. Aikin nan ya dawo hannuna, bencin nan itacen girki zai zama, ƙofar kuma bulo zan sa a jera mata."

Tantabarun da ke gurnani a silin suka yi tsit.

Mariƙin tef ya fara juyawa da kansa a hannunsa. A hankali. Talatin da biyar. Talatin da takwas. Shi yana tsaye, bayansa a bango, amma tef yana fita. Arba'in da huɗu. Hamsin.

Tef ya ƙare. Maɗaurin ya shaƙe masa wuyan hannu.

Aka ja.

Takalminsa ya yi ƙara a kan tayil. Ya kama kujerar ƙarfe, ta kuɓuce. Ya kama ta gaba, ita ma. Ba fizga ake yi ba, ja ne irin na mai janyo guga daga rijiya, wanda ya san ruwan ba zai gudu ba.

Warin ɗakin ya canza. Yanzu ƙamshin tsohon akwati ne, irin wanda aka daɗe ba a buɗe ba, da wani turare da bai taɓa ji ba.

Ya laluba tocila. Ta kawo haske kamar garwashi, ta mutu.

Bencin a cike yake.

Suna zaune a jere, kafaɗa da kafaɗa, dukkansu sun fuskanci ƙofar. Ƙunshin kaya a gabansu, an ɗaure da igiya. Ƙunshi ɗaya yana numfashi.

Wata murya ta tsohuwa, ba tare da an juyo ba: "Ɗan nan, an kira jirginmu?"



A gindin bango wani dogo ya tsuguna. Ko a tsugune kansa ya kusa silin. Gwiwar hannu a kan gwiwa, babban yatsa kwance a kan ƙarfen tef. Daidai yadda Mai Awo yake koya wa yara.

"Ka ce a riƙe," in ji dogon, cikin raɗa. "Na riƙe. Nawa ka samu?"

"Ta... talatin da huɗu."

"Nawa za ka rubuta?"

Dogon ya ci gaba:

"Wancan mai hankalin ya bar mana huɗu. Kai ka zo ɗauka." Aka ƙara ja, taku ɗaya. "In babu wurin zama, tashi za mu yi. Inda za mu kuwa ba a taɓa aunawa ba. Muna son mai awo."

Lasifikar da ba ta da waya ta yi tari.

"Fasinja na ƙarshe," in ji ta. "Mai Awo. A matso bakin ƙofa."

Fenti ya tsage. Ƙofar ta buɗe.

Babu titin jirgi a bayanta. Babu fitila, babu ƙasa. Iska ce kawai, mai sanyi, tana shiga ciki ba fita ba.

Masu benci suka miƙe tare. Suka sunkuya kan kayansu.

Saura taku uku.

Biyu.

"Talatin da huɗu!" Muryarsa ta fito kamar ta ɗan akuya. "Wallahi talatin da huɗu zan rubuta! Salamu alaikum! Salamu alaikum!"

Can waje mai gadi ya ɗaga murya ya fara kiran salla.

Tef ya sassauta kaɗan, kamar mai riƙon ya tsaya saurare. Mai Awo ya fizge hannunsa daga maɗaurin, fata ta bi shi. Ya zuba da gudu. Ɗakin da ya auna talatin da huɗu, ya rantse ya yi gudun mita ɗari kafin ya ga ƙofa. Takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, bai nemi jin dalili ba.

Ya faɗo waje a kan tabarmar mai gadi. Tsohon ya ƙarasa kiransa tsaf, sannan ya dube shi da idonsa mai gani.

"Ka yi sallamar?"

"Na yi, Baba."

"Da shiga ko da fita?"

Ranar zaman kwamiti, wani mai furfura a cikin masu ba da kuɗi ya ɗora biro a kan zanen ya ce, tsohuwar takarda talatin ta ce, ina aka samo huɗu? Manaja ya fara share gumi. Injiniya ya buɗe baki, amma Mai Awo ya riga shi miƙewa, hannu naɗe da bandeji.

"Ranka ya daɗe, ni na auna da hannuna. Talatin da huɗu ne. Kuma bencin nan da ƙofar, in kuna son ginin ya zauna lafiya, ku bar su."

Mai furfura ya dubi bandejin, ya dubi fuskarsa, ya sa hannu.

Washegari Injiniya ya shigo da leda ya ajiye masa a tebur. Tef ne a ciki, an naɗe shi tsaf, da takalmi ƙafa ɗaya, an goge.

"Yaya, na leƙa wurin da safe. An ce in ba ka. An ce awo kam ka iya."

"Sai me kuma aka ce?"

"An ce gaisuwa ce sai a hankali."

Tun daga ranar Mai Awo bai ƙara cewa a riƙe masa tef ba sai ya juya ya ga fuskar mai riƙon, ya kuma kira sunansa. Ko shagon aski zai shiga, sai ya yi sallama sau biyu. Tef ɗin yana cikin durowarsa a kulle. Masu sharar ofis sun ce in magariba ta kawo kai, bakinsa yakan leƙo ta tsagar durowa kamar taƙi ɗaya, a miƙe sambal, ba ya rawa.

Matarsa ta ga ya rame, ta ce ya daure ya manta da jan da aka yi masa.

"Ke, ba jan ne ke hana ni barci ba," in ji shi. "Shekara ashirin da biyu ina awo. Amma har a wurinsu, ni Mai Awo ne kawai. Shi kuwa, wai wancan mai hankalin."