Gemun Baba Whitlock

"Ɓeraye, Noemi? Saboda ɓeraye za ki daina zuwa?"

Noemi ta kasa kallon Darnell. Suna tsaye a barandar gidan jinyar marasa lafiyar da likitoci suka cire rai da su. A nan ne take aikin sa-kai duk Alhamis, don ta samu abin nunawa idan ta nemi makarantar likitanci. Nan kuma ta haɗu da shi, a bakin gadon mahaifinsa.

"Ɗakin binciken kimiyya ne, masoyina, da ɓeraye ake gwaji. Malamar da ke ba mu shawara ta ce zaman jinya kowa ya yi. Bincike ake dubawa."

"Kuma sai Alhamis."

"Ita ta rage. In na ƙi, 'yar ajinmu Courtney ta ɗauke gurbin, tun jiya take zarya ofishin farfesan da ke kula da ɗakin. Mama kuwa ta ce ba ta tura ni jami'a don in ƙare a askin tsofaffi ba..."

"Baba ba ya yarda kowa ya taɓa masa fuska sai ke."

"Zan zo Lahadi. Wallahi zan zo."

Lahadi ta zo da jarrabawa. Ta gaba ma haka.

"Ya hana mu aske shi," in ji Darnell a waya. "Wai a bari, 'yarsa tana hanya. Ke yake nufi."

"Ka ce masa mako mai zuwa."

Ya kashe wayar.

Ba a shiga ɗakin ɓerayen da waya. Wata Alhamis ta fito, ta cire safar hannu, ta buɗe akwatin ajiyarta. Kiran Darnell ne jere a fuskar wayar. Ta kira, bai ɗauka ba.

A gidan shirya gawa ta same shi, tsaye a gefen buɗaɗɗen akwatin gawa. Baba Whitlock na kwance cikin baƙar kwat. Farin gemu ya rufe masa haɓa, buzu-buzu.

"Sun so su gyara shi," in ji Darnell. "Na hana."

"Ka bar ni in aske masa. Don Allah, Darnell... minti biyar."

"Yanzu za a rufe."

Ta kama hannunsa. Ya zare a hankali.

"Za ki samu makarantar, na sani. Abu ɗaya nake roƙo." Sai lokacin ya dube ta. "In sun tambaye ki abin da kika koya a wurinmu, kar ki ambaci sunansa."