Muryar Da Ke Makara

"Barkanmu da wa... wa... war..."

Na fisge abin kunnen na yi jifa da shi kan katifa, na fashe da kuka.

Ta dawo! In'inar da na rabu da ita tun ina 'yar sakandare ta biyo ni har ɗaki.

Ni ce Adawiyya, 'yar Gaya mai karanta wa mata littattafai a waya. Da wayata nake ɗaukar murya, harshena bai taɓa sarƙewa ba. Da masu sauraro suka yi yawa sai na ce bari in waye, na karɓi tsohuwar laftof ɗin yayana, na jona makirfo da abin kunne. Tun daga ranar, ina fara ɗauka bakina yake ƙina. Tsoro ya sa ko a gida na koma amsa magana da kai.

Wautar da na tafka kuwa, na tura wa Khaula abin da na ɗauka, wai ta faɗa min ko ana ganewa. Khaula 'yar ƙanwar mahaifiyar Sagiru ce, saurayina mai fataucin gyaɗa. Ni ina ganinta ƙawa, ashe ita ta daɗe da ɗora ido a kansa. Ba ta zame ko'ina ba sai gaban Dada, mahaifiyarsa, ta kunna mata.

Dada ta ce in'ina gado ce, ba ta son jikoki masu ita. Aka ɗage zuwan manya neman aurena.

Ranar kasuwar Ajingi da la'asar sai ga Sagiru a zaurenmu, ko ƙaiƙayin gyaɗar da ke rigarsa bai kakkaɓe ba.

"Sahibata, me ya sa ba kya ɗaga kirana?"

Na sunkuyar da kai.

"Adawiyya, yi min magana mana!"

"Ka je ka auri mai baki lafiyayye," na ce, hawaye na zuba.

"To ga shi yanzu kin gasa min magana tas, ba gargada. Ɗauko min kwamfutar nan in ga mai raba ni da ke."

Na ɗauko. Ya sa abin kunnen, ya gyara murya kamar mai sanarwa a rediyo.

"Assalamu alai... alai... kum... Kai! Wane ne yake kwaikwayona a ciki?"

Na ɗago a razane.

"Sake faɗa!"

"Sunana Sa... Sagi... Wallahi ba zan iya ba! Ina magana, muryata tana biyo ni a makare, sai in tsaya jiranta!"

Sagirun da ke cika kasuwa da ciniki, yau ga shi ya kasa faɗin sunansa. Dariya da kuka suka haɗe min, har na zauna daɓas a ƙasa. Na daɗe ina jin makarar nan, amma na ɗauka haka kowa yake ji, laifin bakina ne.

Na shiga bincike a waya. Ashe sai murya ta zaga cikin laftof kafin ta dawo kunne, tawa kuma tsohuwa ce, tafiyar hawainiya take. Maganin shi ne ɗan akwatin da ake kira saun kad, wanda ke miƙo maka muryarka kai tsaye.

Da Sagiru ya kai gyaɗa Kano ya kira ni ta bidiyo daga shagon kayan sauti. Mai shagon ya ɗago wani ƙaton akwati mai ramukan makirfo reras.

"Masoyiya, wannan zan ɗauka. Ko gyaɗar bana duka zai cinye!"

"Ajiye shi. Bakina ɗaya ne, rami ɗaya ya ishe ni. Ɗauki ƙaramin can mai araha, ka dai tabbata yana da maɓallin jin murya kai tsaye."

Ranar da ya kawo shi, tare da Dada suka zo. Ta zauna tana yamutsa fuska. Sagiru ya lallaɓa ta har ta yarda ta gwada tsohon haɗin.

"Ni ce Da... Da... Da... A'uzubillahi! Ku cire min wannan shaiɗanin!"

Ummata ta toshe baki da mayafi tana ɓoye dariya.

Na jona sabon akwatin, na danna maɓallin, na karanta shafi guda cur, muryata tana tafe tare da ni. Dada ta kamo hannuna.

"Na yi gaggawa, 'yata, ki yafe min. Juma'a manya za su zo. Khaula kuwa ki bar ni da ita."

Da na rako su zaure, Sagiru ya ja baya kaɗan.

"Da fa da gaske in'inar ce ta dawo?" na tambaye shi a hankali.

Ya dube ni, babu wasa a idonsa.

"Ranar da na zo ai ban san laifin kwamfuta ba ne. Na zo ne in faɗa miki ko kalma ɗaya za ta ɗauke ki wuni, zan zauna har ki ƙarasa ta."

Na buɗe baki in ba shi amsa, magana ta ƙi fitowa.

Ya gyara tsayuwa, ya jira.