Kwalbar da Aka Musanya a Setapak

Ana tsakiyar kullen korona aka kira Insfekta Azlina ɗakin gwaji na jami'a a unguwar Setapak. Ta sha ganin satar babur da ta waya, amma ƙarar satar kwalbar ruwa, yau ta fara ji.

Mai ƙarar, Halimatu, ɗalibar digiri na uku ce daga Kano. Idanunta sun yi jawur.

"Me ke cikin kwalbar?"

"Ƙwayar bairus ce, ranki ya daɗe. Bakteriyar da ke kashe jatan lande kaɗai take ci, don masu kiwo su daina zuba antibayotik. Shekara uku ina renonta. In ta yi kwanaki cikin zafin garin nan ta mutu, digirina ya bi ta."

"Ga kwalba kuwa a firij."

"Musanya aka yi. Jiya na gwada, har bakteriya mai amfani ta mutu. Tawa ba ta haka. Wannan antibayotik ne."

Insfekta ta ɗiga ruwan a auduga. Nan take ya bar tabo rawaya.

Mutum biyu kaɗai ke da takardar wuce shingen 'yan sanda zuwa ɗakin: Halimatu da abokin karatunta, Maitama. Insfekta ta duba littafin mai gadi, inda ake rubuta zafin jikin duk mai shiga, sannan ta ce Halimatu ta raka ta gidansa.

"Sati biyu ban leƙa ɗakin gwajin ba," in ji Maitama.

"Littafi ya ce Talata ka shiga."

"Af! Caja na ɗauko."

Insfekta ta tsani ƙaryar da ba a wahala wajen shirya ta ba. Ta dubi hannunsa.

"Safar hannu har cikin ɗaki?"

"Korona mana."

"Cire."

Ya cire da ƙyar. Yatsunsa uku rawaya.

Ya ajiye safar. "Nawa binciken ne ya ƙi. Na ce in ɗauka in hayayyafa tawa, in mayar kafin a gane."

"Tana ina?"

Ya nuna firij. Halimatu ta zaro kwalbar daga bayan robar shinkafa. Da sanyinta. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Ana sa masa ankwa ya ce, "Yaya Halimatu, ki yafe mini."

Ta rungume kwalbar.

"Kai da kanka ka san hayayyafa take yi, Maitama. Da roƙona ka yi, da na ɗibar maka."