Tsarabar Argungu

Da hantsi aka buga wa Sufeto Tamba Dankure waya: manoman shinkafa sun ga gawa a fadamar Zauro. Damina ce, kogin Rima ya cika ya shiga gonaki. Gawar ta wani mutum ce mai matsakaicin shekaru, cikin shadda ruwan toka. Akwai tsaga a goshinsa, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da rula.

Katin aljihunsa ya ce Izzuddeen Kulsumi, malamin kwaleji a Kaduna.

Sufeto ya sami matarsa, Rauda, a gidan da suka sauka a unguwar Nasarawa. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin tabarma tana ninke ɗankwali ɗaya, tana warwarewa.

"Me ya kawo ku Kebbi, Hajiya?"

"Hutu. Ya ce zai nuna mini inda ya tashi, ya gaida abokan makarantarsu. Mun je Gwandu, mun ga kufan Surame. Ranar Argungu na gaji, ya tafi shi kaɗai."

"Wurin wa?"

"Albashir, mai sayar da kifi. Daga can zai biya wurin Usmanu a Zauro." Ta ɗago kai. "Yallaɓai, mijina ko kududdufi ba ya tsallakewa. Me ya kai shi cikin ruwa? Wannan kawai nake so in sani kafin in koma in fuskanci 'ya'yansa."

Sufeto ya fara da Zauro. Usmanu manomi ne, dogo, ya tarbe shi a ƙofar gida, idanunsa jajur.

"Bai iso ba, ranka shi daɗe. Na yi jira har la'asar. Ku tambayi na Argungu, shi yag gan shi na ƙarshe."

A Argungu, Albashir na tsaye cikin hayaƙin banda a rumfarsa.

"Mun zaga gidan tarihi, mun leƙa kogin Matan Fada. Ni da kaina na sa shi mota a tasha."

"'Yan kamasho sun ce ba su gan ka ba."

Albashir ya sunkuyar da kai. "Ƙarya niy yi. Kifi na kan wuta, sai na bar shi ya hau kabu-kabu. Kunya nike ji a ce ban raka baƙona ba."

"Hannu sake ya tafi?"

"Haba, Yallaɓai! Daga Argungu? Giwan ruwa na banda na ɗaura mishi, ƙunshi biyu. Guda na uwargidanshi, guda na Usmanu."

Sufeto ya tuna inda aka tsinci gawar. Ba a ga ko ƙunshi ɗaya a bakin fadama ba.

Ya koma Zauro bayan azahar. Bai shiga gidan Usmanu ba. Ya tsaya a gidan da ke jikinsa ya nemi ruwan sha. Wata tsohuwa, Inna Ɗayyaba, ta kawo masa a moɗa. Ƙamshin miya na fitowa daga madafa.

"Inna, wannan miya ta manya ce."

"Awo, ɗana. Giwan ruwa ne. Mu da muka cin tarwaɗa kullum."

"A wace kasuwa?"

"Wace kasuwa! Asiya, matar Usmanu, ta aiko. Tsarabar baƙonsu ce. Duk layin nan babu gidan da ba ta kai ba. Ɗiyar mutunci ce, ba ta cin tsaraba ita kaɗai."

Sufeto ya gode, ya ajiye moɗar a hankali.

Aka kira Usmanu zaure. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Usmanu, ka ce abokinka bai iso ba."

"Haka na ce."

"To kifinsa ya iso. Yana cikin tukunyar kowane gida a layinku."

Daga bayan labule muryar Asiya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Malam, ka ce in ce bai zo ba, amma ba ka ce kar in raba ba. Tun kuna fita na raba. Ga na matarsa nan a rataye, ban taɓa ba."

Usmanu ya zame ya zauna a ƙasa. Da ya fara magana, muryarsa ba ta da hawa ba ta da sauka, kamar mai karanta labarin wani.

"Ni na matsa mishi mu shiga jirgin ruwa ya ga shinkafata. Ya ce tsoron ruwa yake ji, na yi mishi dariya, na ce Kaduna ta mayar da shi mace. Ya shiga jirgin don kunya. Muna tsakiya ya miƙe tsaye, jirgi ya kife. Na kama gefe. Shi kuma ya kama wuyana, yana jana ƙasa."

"Sai me?"

"Filafilin tuƙi na hannuna. Na buga mishi sau ɗaya, ya sake ni."

"Ka nemi taimako?"

"Na dawo gida na canza riga."

Kofur ya sa masa ankwa. Maƙwabta suka fito suka tsaya a ƙofofinsu. Inna Ɗayyaba ta koma ciki, ta sauke tukunyarta.

Kafin magariba Sufeto ya koma Nasarawa. Ya gaya wa Rauda komai, bi da bi, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya ajiye ƙunshin kifin a gabanta.

"Wannan naki ne. Shi ya ɗauko miki."

Ta daɗe tana kallon igiyar da aka ɗaure shi da ita.

"Ashe ya ce yana tsoro," in ji ta.

"Ya ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki ɗankwalin nan da take ninkewa tun safe, ta lulluɓe ƙunshin, ta sa a cikin jakar tafiya kusa da kayansa.