Wai Ta Kashe Iyaye

Kai ne, Kabiru. Wata bakwai ka sa jikata Shafa'atu kuka, kuma kai ma jikana ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ban yi boko ba, ita ke rubutawa, amma bakina ne.

Ranar da babbar kwamfutar ƙungiyar manoma ta Malumfashi ta tsaya, inda ku biyu kuke aiki, aka kira Awaisu mai gyaran kwamfuta daga Funtua. Ya buɗe wa Shafa'atu log, wato inda na'ura ke rubuta duk abin da ya same ta da wanda ya taɓa ta.

Ta ce, "Wa zai karanta layi dubu?"

Ya ce, "Rubuta grep, ki sa kalmar da kike nema, ita kaɗai za ta fito. Kamar tsintar tsakuwa a wake."

"Ka iya tsintar wake ne?"

"Sai dai ki koya min."

Kana zaune kana ji, kai da ta ce ba ta so tun bara.

Na'ura ta yi ta tsayawa. Rannan Awaisu ya turo mata saƙo: "Sanyin idona, kada ki damu. Ki yi grep error, in kin gano mai laifin ki yi kill parent ɗin, sauran za su bi shi. Ina kewarki."

Ka saci wayarta, ka kai wa ubanta, ɗana Alhaji Maiwada, ka fassara masa wai ta kashe iyaye, ƙanne su biyo baya. Kana sane sunan wani aiki ne a cikin na'ura! Alhaji ya kori yaron, ya hana ta aiki. Ta rame kamar karan dawa.

Na gaji. Na hau mota da tsufana har Funtua, na taho da Awaisu da kwamfutarsa mai ɗauke da log ɗin zuwa zauren Alhaji. Ya yi bayani, Alhaji ya ce daɗin baki ne.

Sai Shafa'atu ta ce, "Baba, a bar ni in tambayi na'urar wa ke tsayar da ita."

Ta rubuta grep ɗin nan. Sunanka ya fito sau goma sha ɗaya, da rana da lokaci. Kai kake lalata ta, don a ce Awaisu bai iya aiki ba. Alhaji ya karanta da idonsa, ya cire hula ya share zufa.

Awaisu ya ce a hankali, "Kin iya tsinta, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Wannan tsakuwar babba ce."

Juma'ar da ta wuce aka ɗaura aurensu. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a masu albarka.

Kai kuwa ka ci shinkafar biki ka sulale garin Dayi. Ba ka isa ba. Dole ubanka Sanda ya kawo ka zauren da ka yi ƙaryar, ka faɗi gaskiya da bakinka a gaban Awaisu. Ina jira, kuma ban mutu ba tukuna.